Yadda masu ƙirƙirar manhaja za su kare ingancin hoto idan sun ɗora masa rubutu

A Michika da Mubi, kamar sauran garuruwan arewacin Jihar Adamawa, sanarwar ɗaurin aure, cigiya da tallan haja kan iso ga jama'a ta WhatsApp a matsayin hoto mai ɗauke da rubutu. Idan rubutun ya dushe, 3 kan yi kama da 8 a lambar waya, lanƙwasar harafi kuma ta ɓace, "ƙasa" ta koma "kasa". Wannan darasi ne ga matasan da ke koyon haɗa manhaja, ciki har da ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi.

Tushen matsalar shi ne tsarin JPEG, wanda aka fitar a 1992. Yana rage nauyin hoto ta hanyar raba shi gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a tsaye da 8 a kwance, sannan ya zubar da bayanan da ido ba ya saurin lura da su. Hoton fuska ko na duwatsun Mandara yana jure wannan, amma gefen harafi mai kaifi ba ya jurewa. Duk sa'ad da aka gyara hoton aka sake adana shi, asarar kan ƙaru.

Don haka ya kamata manhaja ta rubuta kalmomin a kan asalin hoton, ta adana sau ɗaya tak. Kyamara mai megafiksel 12 tana ba da faɗin ɗigo kusan 4,000, alhali fuskar ƙaramar waya sau da yawa 720 ce; wanda ya kwafi abin da ke fuskar wayar ya yi watsi da mafi yawan hoton.

Tsarin PNG ba ya zubar da komai, sai dai yana cin data. WebP, wanda Google ya fitar a 2010, yana iya adanawa ba tare da asara ba, kuma galibi ya fi sauƙin nauyi.

Ƙa'idar W3C ta nemi bambancin haske tsakanin ƙananan haruffa da bayansu ya kai 4.5 bisa 1, abin da shimfiɗa duhu a ƙarƙashin farin rubutu ke samarwa. A kuma zaɓi salon haruffa mai ɓ, ɗ da ƙ, irin su Noto Sans.

Daga ƙarshe, WhatsApp kan sake matse hoto, sai fa an tura shi a matsayin fayil. Kafin a saki manhaja, a tura hoton zuwa waya mai araha, a ga ko lambobin sun karantu.