Na'urar Gano Kifi: Abin da Take Gani da Abin da Ake Ƙara Mata

Bidiyon da ke yawo a wayoyi kusan iri ɗaya ne. Bature a tsaye a goshin jirgi, idonsa a kan wani allo mai kama da ƙaramar talabijin, ya jefa fatsa, kafin a ce kwabo ya ɗago kifi. Daga nan sai magana ta rabu gida biyu. Masu tallar na'urar suna cewa wanda ya mallake ta ya yi bankwana da komawa gida hannu rabbana. Masu ƙyamarta kuwa suna cewa wuta take saki a ruwa tana kashe ƙananan kifaye, kuma waɗanda suka ƙera ta suna bin sawun duk wanda ya kunna ta. Akwai gaskiya kaɗan a tsakani, akwai ƙarin gishiri mai yawa, amma abin da ya fi jawo wa mai saye asara ba ya ma cikin abin da ake wannan musun a kansa.

Na'urar ba sabon abu ba ce. Tun a 1948 wasu 'yan'uwa biyu masu suna Furuno suka fara ƙera ta domin masuntan yankin Nagasaki a Japan. A Amurka, Carl Lowrance da 'ya'yansa sun kafa kamfaninsu a 1957, bayan shekara biyu suka fitar da wani ɗan koren akwati da mai ƙaramin jirgi zai iya ɗauka a hannu. Abin da ya zo daga baya shi ne haɗa ta da GPS da taswira a allo guda.

Zancen farko da ya kamata a kawar shi ne cewa akwai kyamara a cikinta. Babu. Da kunne take aiki, kamar jemage. Akwai wani ɗan dunƙule da ake nutsawa a ruwa, shi ne bakinta, shi ne kuma kunnenta: yana tura amo ƙasa, yana sauraren amsa-kuwwar da za ta dawo. Amo yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwa, don haka idan ƙasan tafki yana da zurfin mita 15, zuwa da dawowa ba ya wuce kashi biyu cikin ɗari na daƙiƙa. Da wannan ɗan lokacin take lissafa zurfi. Idan wani abu ya gitta a tsakani, sai ta zana shi. Abin da ya fi maido da amo a jikin kifi shi ne jakar iskar nan da ke cikinsa, wadda ke taimaka masa ya tsaya a tsakiyar ruwa ba tare da ya nutse ba.

Wannan ya warware wani zancen kuma, wai na'urar ta ruwan Turai ce mai garai-garai, ba za ta yi aiki a jan ruwan damina ba. Amo bai damu da launin ruwa ba. Abin da ke rikita shi kumfa ne da iska, musamman idan an ɗaura kunnen kusa da farfelar injin, sai kuma ciyawa mai kauri. Ga wata gaskiya da ta shafi mai kwalekwale kai tsaye: amon yana iya ratsa gindin jirgin faiba mara rami a ciki, amma katako yana shanye shi. Wanda ya manna kunnen a cikin jirgin katako zai zauna yana kallon allon da babu komai, ya ce an sayar masa da jabu. A waje ake ɗaura shi, a bayan jirgi ko a jikin sanda a gefe, ya nutse sosai, fuskarsa tana kallon ƙasa.

Shin tana faɗin irin kifin? A'a. Wasu na'urorin suna zana ɗan hoton kifi a allo, har da lamba a gefensa, kuma wannan hoton ne ya fi yaudarar sabon shiga. Hasashe ne kawai na kwamfutar ciki. Reshen itace, tsumman koma da ya tsinke, ko curin kumfa, duk tana iya sa musu rigar kifi. Shi ya sa waɗanda suka goge suke kashe hoton, su koma kallon ainihin zanen, inda kifi ke fitowa kamar baka ko jinjirin wata. Mai rarrabe giwan ruwa da ragon ruwa ko garken karfasa shi ne masuncin da ya san wane kifi ke kwanciya a ƙasa, wane ke yawo a tsakiya, kuma a wane wata. Haka nan abin da ke allon yawancinsa tarihi ne: bakin dama ne kaɗai yake nuna abin da ke ƙarƙashin jirgi a yanzu, duk abin da ya gangara hagu an riga an wuce shi.

Batun cewa tana ganin tafki gaba ɗaya ma ƙari ne, kuma a nan ne lissafi yake da amfani ga mai niyyar saye. Amon yana sauka ne yana buɗewa kamar hasken tocila. A na'urorin da aka saba da su, masu aiki da amo mai kilohaz 200, faɗin wurin da amon ke rufewa kusan sulusin zurfin ruwan ne. A zurfin mita 30, da'ira ce mai faɗin kamar mita 10. A zurfin mita 3 kuwa, bai fi faɗin tabarma ba. Wannan na nufin a ruwa mara zurfi irin na Tafkin Chadi, inda a wurare da dama gora ke taɓa ƙasa, na'urar da ke kallon ƙasa kawai ba za ta nuna wa mutum abin da bai sani ba. A irin wannan ruwan, mai duban gefe ce ke da amfani, wadda kamfanin Humminbird ya shigo da ita kasuwar masu ƙananan jirage a 2005, mai share dama da hagu yayin da jirgi ke tafiya a hankali. Tsadarta kuwa ta ninka. A wuri mai zurfi kamar kusa da madatsar Kainji, ta talakawan ma ta wadatar. Ƙa'idar ita ce amo mai kauri, kamar kilohaz 50, yana kaiwa nesa amma zanensa dishi-dishi ne, siririn amo kuma, kamar 455 ko 800, yana fito da abu tsaf amma ba ya nisa.

Zancen wuta kuwa ruɗani ne da wani abu daban. Akwai masu sa wa kifi lantarki, kamar yadda akwai masu zuba guba, kuma dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa da Nijeriya ta yi a 1992 ta haramta duka biyun tare da nakiya. Na'urar gano kifi ba ta sakin lantarki a ruwa ko kaɗan. Ƙaramarta batir mai bolt 12 take amfani da shi, abin da take sha bai kai rabin amfiya ba, har batirin babur ma yana iya riƙe ta sa'o'i da dama.

To amon fa, ba ya korar kifi? Kunnen ɗan Adam yana tsayawa ne a wajen kilohaz 20. Yawancin kifaye ba sa kaiwa ko kusa da nan. Tarwaɗa da danginta, da ake lissafa su cikin masu kaifin ji, ba sa wuce 'yan kilohaz kaɗan. Saboda haka kilohaz 200 ya fi ƙarfin kunnensu nesa ba kusa ba. Sai dai maganar ba ƙarya ce zalla ba, domin a 1997 masana sun nuna cewa wani kifin Amurka mai suna shad yana jin amon da ya kai kilohaz 180. Banda irin waɗannan tsiraru, ƙarar inji da bugun filafili a jikin jirgi sun fi razana kifi.

Sai GPS. Ana cewa tana cin data, ko sai da layin waya. Ba haka ba ne. Taurarin ɗan Adam na Amurka, aƙalla 24, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 suna watso sigina kyauta, na'urar kuma saurare kawai take yi. Idan ta kama huɗu daga cikinsu ta san inda take. Ba ta mayar musu da komai, don haka ba wanda ke zaune a Amurka yana kallon kwalekwalen wani a Yawuri. Inda sirri ke iya fita shi ne idan mutum da kansa ya haɗa ta da manhajar waya ya amince a raba taswirarsa da sauran masu amfani da ita. Kuskurenta a fili bai cika wuce 'yan mitoci ba tun watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Bill Clinton ta daina gurɓata siginar farar hula da gangan. Ga wanda ya shimfiɗa mamari da yamma zai dawo ɗauka da asuba cikin hazon hunturu, wannan kaɗai ya isa dalilin saye, ko da bai taɓa ganin kifi ɗaya a allon ba.

Yanzu ga inda kuɗi ke salwanta. Rubutun GPS a jikin kwali ba ya nufin akwai taswira. Garmin Striker 4, wadda take cikin masu araha da aka fi sani, tana da GPS, tana ajiye alamar wuri, tana nuna hanyar da aka bi, amma a kan farin allo take yin hakan, kuma ba a iya sa mata katin taswira. Wannan ba aibi ba ne, haka aka yi ta; aibin shi ne a sayar wa mutum ita da sunan mai taswira.

Na biyu ya fi wannan ciwo. Kwalin da aka rubuta wa cewa yana ɗauke da dubban tafkuna gaskiya ya faɗa, amma tafkunan ina? Na'urar da aka shirya wa kasuwar Amurka, tafkunan Amurka ne a cikinta, wani lokaci da na Kanada. Jihar Minnesota kaɗai tana da tafkuna sama da 11,000, kuma an shafe shekaru hukumomi da kamfanoni suna bin ruwayen ƙasar da jirage suna auna zurfi. Daga irin wannan aikin ne taswirorin LakeMaster da C-MAP da Navionics suke samun layukan zurfin da ake yabo. Mai shigo da irin wannan na'urar daga can zuwa Tiga ko Goronyo ko Lagdo ya biya kuɗin taswirar ruwan da ba zai taɓa shiga ba. Abin da zai iya gani shi ne shuɗin fenti mai siffar tafki, ba tudu ba kwari.

Ko da taswirar ta dace da wurin, ba wahayi ba ce. Ruwan dam yana hawa yana sauka. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968 har ya haɗiye tsohon garin Busa, yana iya sauka da kusan mita 10 tsakanin cikarsa da janyewarsa, wato inda taswira ta ce akwai zurfi, a wani watan tsibiri ne. Tafkin Chadi, da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke da kusan kashi 90 cikin ɗari kafin ƙarshen shekarun 1980, kuma har yau gaɓarsa ba ta zama wuri guda. A Tafkin Volta na Ghana kuwa, dazukan da ruwa ya rufe bayan gina Akosombo a 1965 suna nan tsaye a ƙasa, kututturansu suna yaga koma suna fasa jirage, kuma ba taswirar da ta ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya.

Mafita tana nan, kuma ita ce ya kamata mai saye a wannan yanki ya sa a gaba: na'urar da ke zana taswirarta da kanta. Garmin suna kiran nasu Quickdraw Contours, Humminbird suna da AutoChart Live, Lowrance kuma Genesis Live. Jirgi yana tafiya, kunne yana auna zurfi, GPS tana riƙe wuri, allo yana fitar da layukan zurfi nan take. Wanda ya yi 'yan makonni yana kai da komo a hankali a inda ya saba su, zai mallaki taswirar tsohuwar hanyar kogi da ramuka da duwatsun wurin, abin da ba ya sayuwa a kowane shago. Sai dai ya riƙa lura da matakin ruwa a ranar da ya yi awon, domin na'urorin suna da wurin gyara wannan bambancin.

Akwai tsoro guda da bai kamata a yi masa dariya ba, wato cewa na'urar za ta ƙarar da kifi. Sabon samfurin da ke nuna motsin kifi kai tsaye a gaban jirgi, irin LiveScope da Garmin ta fitar a 2018, ya tayar da ƙura a Amurka kanta, har ƙungiyar B.A.S.S. mai shirya manyan gasannin kamun kifi ta taƙaita wa 'yan babbar gasarta shi zuwa kunne ɗaya a jirgi a 2025. Amma wannan kaya ne na dubban daloli. A ruwayen da Sarkin Ruwa ke fama da masu taru mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan kifi, ɗan allo mai inci huɗu ba shi ne abin fargaba na farko ba.

Wanda ya yi niyyar saye, kada ya tsaya a karanta kwali. Ya sa mai shago ya kunna na'urar, ya nemo tafkin da zai shiga, ya matso da shi a allo. Idan layukan zurfi sun fito, taswirar tasa ce. Idan shuɗi ne kawai, ya tambaya ko tana zana taswira da kanta, kuma ko kunnen yana cikin kwalin, domin akwai waɗanda ake sayarwa ba tare da shi ba. In amsar duka biyun a'a ce, ya mayar da kuɗinsa aljihu.