Fansho Da Diyyar Naƙasa: A Shirya Takardu Tun Ana Kan Aiki

A ikkilisiyoyinmu da wuya a rasa dattijon da ya yi wa gwamnati aiki shekara talatin da ɗoriya, ya yi ritaya, amma har yanzu yana zirga-zirga da jakar takardu tsakanin sakatariya da banki. Da wuya kuma a rasa gwauruwar da mijinta ya rasu yana kan aiki, kuɗinsa suna nan a ajiye, ita kuwa an koro mata yara daga makaranta. Wani jinkirin daga hukuma yake, babu shakka. Amma wani daga gare mu yake, domin ba mu san ƙa'ida ba sai bayan lokaci ya wuce.

Da farko, kowa ya san tsarin da yake ciki, gama tsari biyu ne. Tsohon tsari shi ne na Dokar Soja mai lamba 102 ta 1979, inda gwamnati ce take ɗaukar nauyin kome, ba a cire ko kwabo daga albashi. Bayan gyaran 1992, wanda ya yi shekara 5 yana da garatuti, wanda ya yi 10 yana da garatuti da fansho, wanda kuma ya cika 35 yakan sami fansho na kashi 80 cikin 100 na albashinsa na ƙarshe. A 2004 aka kawo sabon tsari na karo-karo, aka sake dokar a 2014. Ma'aikatan tarayya da suka bar aiki zuwa ƙarshen Yuni 2007 suna cikin tsohon tsari, hukumar PTAD da aka kafa a 2013 ita ce take biyan yawancinsu. Waɗanda suka biyo baya suna ƙarƙashin sabon tsari, wanda hukumar PenCom take sa wa ido. Sojoji kuwa an fitar da su daga sabon tsarin tun 2011. Jihohi kowace da dokarta: Kaduna ta bi tsarin asusun kowane ma'aikaci, Kano da Jigawa suna tara gudummawar wuri guda su biya daga ciki. Saboda haka malamin firamare ko ma'aikacin ƙaramar hukuma kada ya ɗauki abin da maƙwabcinsa na tarayya ya faɗa masa a matsayin doka. Ya je hukumar fansho ta jiharsa ya tambaya.

A sabon tsari, kowane wata ana cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, mai ba da aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun da yake da sunan ma'aikacin a kamfanin fansho da ya zaɓa da kansa. Doka ta ce a zuba kuɗin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. To, cirewa dabam, zubawa dabam. Akwai wanda takardar albashinsa take nuna an cire, amma asusunsa bai ga kome ba wata da watanni. Wanda bai nemi bayanin asusunsa ba sai ranar ritaya, ta yaya zai bi sawun kuɗin shekara goma da suka wuce, alhali akantan da ya san zancen ya daɗe da barin wurin? A riƙa karɓar bayanin nan ana dubawa, ana adanawa. Tun Nuwamba 2020 kuma an ba kowa dama ya sauya kamfani sau ɗaya a shekara idan bai gamsu ba.

Lokacin ritaya ga yawancin ma'aikatan gwamnati shi ne shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Dokar 2022 ta kai na malaman makaranta zuwa 65 ko 40, farfesoshi kuwa 70 tun 2012. Amma galibi ba a taɓa kuɗin asusu sai mutum ya bar aiki kuma ya kai shekara 50. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna cewa a Littafin Ƙidaya sura 8, a shekara hamsin ne Lawiyawa suke ajiye aiki mai nauyi, sai dai su taimaki 'yan'uwansu. Wanda aikinsa ya ƙare kafin ya kai 50, idan ya yi wata 4 bai sami wani ba, yana iya karɓar abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 ba, sauran ya jira.

A nan ne batun ranar haihuwa yake shigowa, kuma mu masu riƙe da littattafan ikkilisiya muna ganinsa da idonmu. Mutum zai zo da takardar ɗaukar aiki mai shekara ɗaya, katin ɗan ƙasa mai wata shekarar, katin baftisma mai ta uku, ya roƙa a gyara masa littafin baftisma domin ya yi daidai da wadda ya fi so. Ba ma gyarawa, kuma muna roƙon dattawa su goyi bayan duk katikis ko sakataren da ya ƙi. Littafin nan shaida ne, ranar da aka san ana kankare shi ya daina amfanar kowa, har da maraya da ba shi da wata shaidar sai ita. Wanda ya rage shekaru domin ya daɗe a ofis yakan gamu da abin a wurin tantancewa, inda saɓanin takardu yake tsayar da biya. Idan kuskure ne na gaskiya, kamar rubutun suna iri biyu, ko mace da ta sauya suna bayan aure, a daidaita shi tun ana kan aiki, a ofis da wurin katin ɗan ƙasa da banki da kamfanin fansho, duka su zama ɗaya.

Ma'aikacin tarayya da ya fara aiki kafin Yuli 2004 yana da haƙƙi iri biyu: abin da ya tara a asusunsa, da kuma haƙƙin shekarunsa na tsohon tsari wanda gwamnati za ta lissafa ta zuba masa. Domin wannan ne PenCom take tantance masu shirin ritaya tun kafin su fita. Wanda ya tsallake wannan tantancewa ya jawo wa kansa jira a kan jira, gama ko waɗanda suka yi kome daidai sun sha zaman fiye da shekara suna sauraron gwamnati ta saki kuɗin. A kuma sanar da kamfanin fansho wata 6 kafin ranar fita.

Idan kuɗi suka kammala, za a ba mutum wani dunƙule, muddin abin da ya rage zai isa biyansa wata-wata. Daga nan sai zaɓi: ko kamfanin fansho ya riƙa biyansa daga asusunsa, in ya rasu magada su ɗauki ragowar, ko ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya biya shi har iyakar ransa, amma magada ba su da rabo sai in ya rasu cikin shekara 10 na farko. Wanda ya fara da na farko yana iya komawa inshora, wanda ya shiga inshora ba ya dawowa. 'Yan talla na kowane gefe suna da daɗin baki. A ganinmu kada magidanci ya sa hannu shi kaɗai a ofis. Ya kawo takardun gida, uwargida ta ji, babban ɗa ya karanta, a kwana a kai.

Sai batun naƙasa da rashin lafiya, inda muka fi yin asara. Dokar 2014 ta yarda mutum ya sami kuɗinsa kafin shekara 50 idan ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar cewa ba zai iya ci gaba da aiki ba saboda ciwon jiki ko na ƙwaƙwalwa. Amma abin da yakan faru shi ne, ɗan'uwa ya sami shanyewar ɓarin jiki, dangi su kwashe shi zuwa ƙauye ko gidan addu'a, a yi wata shida ba wanda ya rubuta wa ofis ko layi ɗaya. A littafin ofis kuwa an rubuta shi ya gudu daga aiki. Addu'a wajibi ce, muna kuwa yinta, amma ranar da aka kwantar da mai ciwo, a ranar za a kai wa shugabansa takardar asibiti, a karɓi kwafi mai hatimi. Wanda aka sallama bisa shawarar likitoci da wanda aka kora domin rashin zuwa aiki ba matsayinsu ɗaya ba.

Idan kuwa a bakin aiki aka ji raunin, akwai wata doka dabam, ta diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take gudanarwa. Mai ba da aiki ne yake biyan kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi, ba a cire wa ma'aikaci kome. Ta haɗa da cutar da aiki ya jawo, har da haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki. Amma tana da wa'adi: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai ba da aiki cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara 1. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya doka ta tanadar masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Makarantu da asibitocin ikkilisiya su ma masu ba da aiki ne. Kwamitocinmu su duba ko direba da mai gadi da ungozoma suna da rajista, kada mu yi wa'azin adalci ran Lahadi mu hana shi ran Litinin.

Ga gwauraye da marayu: idan ma'aikaci ya rasu yana kan aiki, ban da kuɗin asusunsa akwai inshorar rai da doka ta wajabta wa mai ba da aiki, wadda ba ta gaza albashin shekara 3 ba. In bai yi inshorar ba, shi zai biya daga aljihunsa. A tsohon tsari kuma, wanda ya rasu kafin ya ci fansho na shekara 5, iyalinsa suna da ragowar shekarun. Sai dai rubuta sunan mutum a matsayin dangi mafi kusa ba ya ba shi kuɗin kai tsaye. Za a nemi wasiyya da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin gado daga kotu. Maza da yawa sun rubuta sunan ƙanensu tun suna samari, suka yi aure, suka haifi 'ya'ya biyar, ba su koma sun sauya ba. Ranar makoki sai rigima ta tashi tsakanin gwauruwa da dangin miji. Rubuta wasiyya ba kiran mutuwa ba ne. Zumuntar mata da dattawa su zaɓi mutum biyu ko uku masu ilimi da amana, kamar yadda aka zaɓi bakwai a Ayyukan Manzanni sura 6 sa'ad da aka yi sakaci da gwauraye, su riƙa raka irin waɗannan iyalai kotu da ofis.

Tsofaffinmu da suke karɓa daga PTAD kuma, yanzu ta waya ko kwamfuta ake tabbatar da cewa mutum yana raye, da hoton fuska ko zanen yatsa, wanda bai yi ba ana iya dakatar da fanshonsa. Matasan ikkilisiya su taimaki iyayenmu da wannan bayan sujada. Hukumar ba ta karɓar kuɗi domin biyan ariyas, saboda haka duk wanda ya bugo waya ya ce a tura masa wani abu ko a karanta masa lambar sirri ta katin banki kafin a saki kuɗin Baba, a kashe wayar, a je ofishin hukumar da ƙafa a tambaya.