Masuntan da Suka Bi Kamfani Har Ƙofar Gida

Mai karatu, a ce ka wayi gari ka tarar da bakin kogin garinku shimfiɗe da matattun kifaye, ɗoyi ya hana kowa sakat, me za ka yi? Haka aka yi a kogin Klamath da ke arewacin Kalifoniya, a Amurka, cikin Satumbar 2002. An karkatar da ruwa zuwa gonakin noman rani, kogi ya janye ya yi ɗumi, cuta ta samu shiga, manyan kifin salmon fiye da 30,000 suka mutu. Ƙabilun Yurok da Karuk kuwa, wannan kifi shi ne tuwonsu shi ne miyarsu tun kaka da kakanni.

Shi salmon a kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, sannan ya hauro inda aka haife shi ya zuba ƙwai. To madatsun ruwa huɗu na kamfanin lantarki PacifiCorp, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1918, sun tare masa hanyar ɗaruruwan kilomita. Kai da ba ka da kuɗi ba ka da kujera, wa za ka kai wa ƙara?

Su ƙabilun dai sai suka binciko uwar kamfanin, suka gano ScottishPower ce. A 2004 suka hau jirgi har birnin Edinburgh, suka tsaya cirko-cirko a ƙofar taron masu hannun jari. Da aka sayar da PacifiCorp ga kamfanin attajiri Warren Buffett, ka ɗauka za su haƙura? Ina! Suka bi shi har Omaha, garinsa.

Kada ka ce tausayi ne ya sa kamfanin ya yarda a rushe madatsun. Lasisin madatsun ya ƙare a 2006, hukuma ta ce ba sabuntawa sai an gina wa kifi hanyar tsallakewa. Aka buga lissafi, aka ga rushewa ta fi araha, ga shi wutar da madatsun ke bayarwa ba ta kai kashi 2 cikin 100 na wutar kamfanin ba. Duk da haka sai da aka kwashe shekaru ana ja-in-ja kafin a fara rusau a 2023, aka kammala a Oktoban 2024.

Nan fa abin mamaki yake. Wata bai ƙare ba sai ga salmon a wani rafi can saman kogin, cikin jihar Oregon, inda rabon da a gan shi tun 1912. Kifin da uwarsa da kakarsa ba su taɓa bin wannan hanya ba, wa ya nuna masa?

Ma'aikatan Yurok sun bi kwarin da tafkunan madatsun suka bari suna shuka irin tsirran yankin da aka tara da hannu. Rigimar rabon ruwa da manoman saman kogin kuwa, mai karatu, har yau ba ta mutu ba.