Mai Ciwon Suga a Hanyar Guangzhou: Halal Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Duk ɗan kasuwar da zai tashi daga Nima ko Maamobi zuwa Chaina, tambayar da ake fara yi masa ita ce, "Alhaji, to ya za ka yi da abinci?" Nama ake nufi, wato halal. Ni da nake fama da ciwon suga, kuma nake sarin kaya a Guangzhou, na ga wannan ita ce mai sauƙin. A unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka suka yi yawa, shagunan Musulmin Chaina masu taliyar Lanzhou ga su nan birjik. Wahalar tana wajen samun abin da yake halal, kuma likita ya yarda da shi.

A Alajo na san ma'aunina: waakye ɗan kaɗan da ganye, koko ba suga, ƙosai biyu. A can kuwa, kwanon taliyar nan zallar fulawa ce, shinkafarsu fara sol, miyarsu ta sha gishiri, wani lokaci har da suga. Ka ci halal, amma awon jini ya haura. Shi ya sa nake neman kifin da aka turara, ganye, dafaffen ƙwai da awara, wadda asalinta ma abincinsu ce. Shinkafa kuwa rabin ƙaramin kwano. Na sa an rubuta mini "ba suga, gishiri kaɗan" da rubutunsu a waya, sai in nuna kawai.

Shiri tun daga gida yake farawa. Ta Addis Ababa, tafiyar wajen awa 6 ce, sannan wata wajen awa 10. Kamfanonin jirgi suna da abincin masu suga mai lamba DBML, amma sai ka nema kwana biyu kafin tashi. Chaina ta riga Gana da awa 8, don haka lokacin shan magani zai rikice. Ka zauna da likitanka ya tsara maka kafin ka yanki tikiti. Allurar insulin da na'urar awo su zauna a jakar hannu tare da takardar likita, domin sanyin ɗakin kaya yana iya lalata allurar. Kilishi kuwa ka bar wa yara, kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shiga.

Wani haɗarin da ba a cika faɗa ba shi ne faɗuwar suga. Ka sha magani da safe, ka shiga kasuwa kana ciniki har la'asar ba ka sa komai a ciki ba, sai zufa da karkarwa. In awo ya yi ƙasa da 4, ka sha lemo mai zaƙi rabin kofi nan take, ka sake aunawa bayan minti 15. Abokin tafiyarka ma ya san halin da kake ciki, ba abin kunya ba ne.

Hajiya, ke da kike haɗa jaka, maganin da zai wuce kwanakin tafiya da mako guda ya fi turare muhimmanci. Kaya kan makara, jirgi kan ɗaga. Yara a gida suna jiran tsaraba, amma sun fi jiran mai kawo ta.