Likitar Chelsea da ta rasa aikinta bayan ta amsa kiran alƙali

Duk mai bin ƙwallon Ingila ya san sunayen ƴan wasa da masu horar da su, amma da wuya ya kawo maka sunan likitan ƙungiya ko ɗaya. Eva Carneiro na cikin ƙalilan da aka sani, kuma rigima ce ta fito da sunan nata.

Haifaffiyar Jibralta ce. Ta yi karatun likita a jami'ar Nottingham, sannan ta ƙware a kan lafiyar ƴan wasa. Chelsea ta ɗauke ta aiki a 2009, ta fara da ƙaramar ƙungiya, a 2011 aka ɗaga ta zuwa babba. Mai wannan kujera shi ke auna ɗan wasa kafin a saye shi, shi ke lura kada ya sha maganin da aka haramta, shi ne kuma ke cewa wane ba zai buga yau ba, ko da ran mai horarwa zai ɓaci. Matsalar ita ce ƙungiyar da ke neman nasara ita ke biyan likita albashi.

Ranar 8 ga watan Agusta 2015 Chelsea ta kara da Swansea. An riga an kori golan Chelsea, Thibaut Courtois, saura mutum 10, ana kunnen doki 2 da 2. Dab da tashi sai Eden Hazard ya faɗi. Alƙalin wasa ya yafito masu jinya, Carneiro da abokin aikinta Jon Fearn suka ruga cikin fili. Bisa doka, wanda aka duba sai ya fita na ɗan lokaci, don haka Chelsea ta koma mutum 9. José Mourinho ya fusata, ya soki likitocinsa gaban ƴan jarida cewa ba su fahimci wasa ba. Aka hana ta zama benci, a watan Satumba ta bar ƙungiyar.

To, da me za ta yi? Likita daga bakin fili ba zai iya sanin ko gajiya ce ta kada mutum ko zuciya ba. Mutanen Kamaru ba su manta Marc-Vivien Foé ba, wanda ya faɗi a Lyon ranar 26 ga watan Yuni 2003 ana wasa da Kolombiya, bai sake tashi ba. A 2012 kuwa zuciyar Fabrice Muamba na Bolton ta tsaya har minti 78, saurin likitoci ne ya sa ya rayu. Hazard dai ba wani babban rauni ya ji ba, amma sai da aka duba aka sani.

Carneiro ta kai ƙara kotun ma'aikata. A watan Yuni 2016 aka sasanta, ba a bayyana kuɗin ba, Chelsea ta nemi gafararta a fili tare da amincewa cewa ta yi abin da ya wajaba kan likita. Shi kuwa Mourinho tun watan Disamba 2015 aka sallame shi saboda rashin nasara.