Kayan Aikin Mai Zanen Kwamfuta: Daga Allo Zuwa Buhun Shinkafa

Duk buhun shinkafar da ya fito daga injinan casa na Kura ɗauke da suna da tambari, sai da wani ya zauna gaban kwamfuta ya tsara shi. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ita ke shayar da gonakin rani na Kura da Bunkure, amfanin gonar kuma ya samar wa masu zane aiki: tambarin buhu, banar shagon taki, takardar tallan iri. Masana'antun Challawa da ke Kumbotso su ma suna buƙatar zanen kwali da leda.

Jarin farko kwamfutar tafi-da-gidanka ce, galibi ta hannu, irin wadda ake samu a titin Beirut cikin Kano. Kyan jikinta ba shi ne abin dubawa ba. A duba ƙarfin ƙwaƙwalwarta, kada ta gaza gig 8, sannan batirinta, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki asara ce. Shi ya sa mai hali ke haɗawa da sola.

Manhajojin zane kashi biyu ne, kuma a nan sabon shiga ya fi tuntuɓe. CorelDRAW, wadda ta fito daga Kanada a 1989, tana gina zane da layuka na lissafi, saboda haka tambarin da aka yi da ita ana iya faɗaɗa shi daga girman kati zuwa allon bakin titi bai dusashe ba. Photoshop kuwa, ta 1990, da ƙananan ɗigo take aiki. Ta ƙware a gyaran hoto, amma in aka ja hoton fiye da kima sai ya farfashe. Yawancin maɗaba'un Najeriya da Corel suka saba. Tun 2013 kamfanin Adobe, mai Photoshop, ya koma bayar da manhajojinsa haya, abin da ke da nauyi ga mai samun naira. Inkscape da GIMP da Krita kyauta ne, sai dai ba su samu karɓuwar da ta kamace su ba.

Matasa da yawa da waya suke farawa, da PixelLab ko Canva. Waɗannan manhajojin sun isa yin katin biki da za a yaɗa a WhatsApp. Aikin buhu ya fi ƙarfinsu. Allo da alƙalami irin na Wacom na mai zana mutane da hannu ne.

Launi shi ke yawan haɗa mai zane faɗa da mai kaya. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa da tawada huɗu. Koren ganyen shinkafa mai sheƙi a allo yakan fito a dushe a takarda, balle a kan buhu mai saƙa, inda launi biyu ko uku masu kauri suka fi fitowa ras. Gogagge tun farko yake tambayar inda za a buga aikin.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Salon rubutu da dama ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai kwamfuta ta cike gurbinsu da ɗan akwati ko baƙon harafi. Salon Noto da Andika suna da su. Kafin a kai aiki maɗaba'a, ana mayar da rubutun ya zama zane, yadda kwamfutar can ba za ta sauya ko harafi ɗaya ba.