Wasan Kwaikwayon Hausa A Ikko: Ga 'Yan Kallo, Ina Dandali?

Da zarar watan azumi ya kwana goma, to a unguwannin Hausawa na birnin Ikko, kamar Zangon Agege da Idi-Araba, dare ya kan sake kama. Bayan an sauko daga sallar asham, sai yara su fito ƙungiya-ƙungiya, wannan ya liƙa gemun auduga ya dogara sanda, wancan ya cusa tsummoki a ciki ya zama attajiri, wani kuma ya shafe fuska da gawayi, suna bi gida-gida da rumfa-rumfa suna tashe. Wanda bai san abin ba zai ɗauka bara ce kawai ta yara. Amma in aka duba da kyau, wannan shi ne wasan kwaikwayo mafi girma da Bahaushen Ikko ya ke gani ido da ido a duk tsawon shekara.

Zaman Hausawa a Agege ya daɗe. Fataucin goro da na shanu ne ya kawo kakanninsu, hanyar jirgin ƙasa kuwa da ta tashi daga Ikko ta ratsa Agege, ta kai har Kano, ita ta ƙara ɗaure zaman. Yau akwai gidajen da jikoki da tattaɓa-kunne duk a nan aka yanke musu cibi, kuma da yawansu Yarabanci ya fi sauƙi a bakinsu bisa ga Hausa. To a nan ne tashe ya ke da wani amfani da ba shi da shi a Kano ko Katsina. Yaron da zai kwaikwayi mai maganin gargajiya tilas ya haddace sunayen itatuwan da bai taɓa gani ba. Wanda zai yi wa gwauro ko marowaci shaguɓe tilas ya san inda a ke sa habaici da inda a ke tsayawa. Hausar ciniki kowa na iya tsintarta a kasuwa, amma Hausar ban dariya sai an yi ta a gaban mutane, an ga ko za su dara ko za su yi tsit.

Su kansu 'yan kallo suna cikin wasan. Su ke amshi, su ke tsokanar mai gemun auduga don su ji abin da zai mayar, su ne kuma ke ba da sadakar da a ke rabawa a ƙarshe. Haka al'adar ta ke tun asali. 'Yan kama su kan yi shigar malamai su juya sanannun waƙoƙi su koma zancen tuwo da miya. A wasan kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samarin ƙauye su kan naɗa gwamnansu da alƙalinsu da 'yan sandansu, su yi shari'ar wasa. Duk waɗannan babu ƙofa, babu tikiti: a yi wasa tukuna, wanda ya ji daɗi ya yi kyauta.

A nan ne hanya ta rabu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu Yarabawa. Marigayi Hubert Ogunde ya bar aikin ɗan sanda ya kafa ƙungiyarsa ta wasa a 1945, ya mai da abin sana'a sosai: a ɗauki haya ɗaki, a buga takardun sanarwa, a sa mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa, gobe a loda kaya a mota a nufi gari na gaba. Har ƙarfin wasansa ya kai gwamnatin Jihar Yamma ta hana shi wasa a 1964 saboda Yoruba Ronu. Moses Olaiya, wanda aka fi sani da Baba Sala, ya bi wannan hanya da ban dariya zalla. Daga wannan tushe ne aka kai ga taron barkwanci na Night of a Thousand Laughs wanda Opa Williams ya fara a Ikko a 1995, inda mutum guda zai tsaya da makirfo ya cika ɗaki da masu biyan kuɗi. Bahaushe ba ya rowar kyauta ga mai wasa, sau da yawa ma abin da ya ke liƙawa ya fi kuɗin tikiti. Sai dai kyauta ba ta da tabbas, ba kuwa za a kama hayar ɗaki a Ikko da sa rai ba.

Ba wai wasan Hausa bai taɓa hawa babban dandali a wannan birni ba. A bikin FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, an nuna sinimar Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayan haka telebijin ta kawo Samanja Mazan Fama har cikin ɗakunan Ikko. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, Banufe ne kuma tsohon soja, ya haɗa Hausar bariki da Turancin buroka ya sa Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri dariya lokaci guda. Wannan darasi ne babba ga 'yan Agege, domin gaurayayyen harshen da wasu ke yi musu gori a kansa shi ne jarin da Samanja ya ci abinci da shi. Ga kuma abin kwaikwayo birjik a bakin ƙofarsu: kwandastan danfo da fasinjan da bai da canji, mai gidan haya da ɗan haya, baƙon da ya sauka daga motar shanu bai san ko "zo" da Yarabanci ba.

Daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset, sai 'yan wasa suka koma gaban kyamara. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya riƙe ban dariyar Hausa har rasuwarsa a 2014, amma ta akwati a ke ganinsa. Yanzu kuwa wayar hannu ta gaje akwatin, kowa ya sunkuya yana dariyarsa shi kaɗai. Pen Cinema ta Agege ma suna ne ya rage, sai gadar sama da aka buɗe a wurin a 2021. Babban gidan wasa na Iganmu kuma, wanda aka sa wa sunan Wole Soyinka a 2024, ya yi wa mai tura kura nisa, ta fuskar hanya da ta aljihu.

Shi kansa tashen yana fuskantar barazana. A azumin 2025 'yan sandan Kano sun hana shi saboda 'yan daba da ke fakewa da shi, kuma abin da ya sami gida ba ya daɗewa bai kai zango ba. Iyaye a Ikko suna da nasu dalilin na tsoron barin yaro ya yi yawon dare a kan titi mai motoci.

Abin da ya rage a hannu shi ne makarantun Islamiyya, inda ɗalibai kan yi ɗan gajeren wasa ranar walimar saukar Alƙur'ani, iyaye kuwa su cika wuri har a rasa kujera. Wannan ya nuna 'yan kallo suna nan. Da fadar Sarkin Hausawan Agege da ƙungiyoyin 'yan kasuwar goro da na dabbobi za su keɓe dare guda a goman tsakiya na azumi, a share farfajiyar makaranta ɗaya, a kawo fitila da lasifika, a sa dattawa su yi alƙalanci tsakanin ƙungiyoyin yara, to an raba tashe da haɗarin titi, kuma kuɗin da za a kashe ba zai kai na sa ɗaya a mahautar Oko-Oba ba.